Fayil Ɗaya Da Na Bari A Aljihu: Ta'aziyyar Anti Makulli

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowannenmu zai koma. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran matar da duk makarantarmu ke kira Anti Makulli, bayan jinyar wata uku. Ta rasu tana da shekara talatin da takwas. Ta bar mahaifiya, da miji, da 'ya ɗaya wadda ko firamare ba ta shiga ba.

Ba a taron safe na ji labarin ba. Nas ɗin makaranta ce ta tare ni a bakin ɗakin jinya ranar Laraba, ta kama hannuna, ta ce, "Shiru, Antinki ta tafi." A taro kuwa sai ranar Alhamis aka sanar, bayan cigiyar wata rigar sanyi da ta ɓata, kafin sakamakon wasan ƙwallo. Mataimakin shugaban makaranta ne ya karanta. Ya ce an yi rashin "ɗaya daga cikin ƙananan ma'aikatanmu." Aka ce a yi shiru na minti ɗaya, kuma ban yi tsammanin mintin ya cika ba.

Anti, ke kin san ni ba mai magana ba ce. Ke kika sa mini sunan Shiru, har ya bi ni. Amma akwai gaskiyar da na danne wata goma, kuma ke ce kika ɗauki nauyinta a madadina har kika koma ga Allah. Saboda haka wannan rubutu ta'aziyya ce, kuma shaida ce.

Ga wanda bai san ki ba: ana jin ki kafin a gan ki. Makullai ne a rataye a wuyanki da wata doguwar shuɗiyar igiya, na ɗakin kwamfuta, da na akwatin wuta, da na kabad ɗin wayoyi. A takarda aikinki shi ne ki buɗe ɗaki, ki goge ƙura, ki rufe. Kin yi karatun kwamfuta sosai, amma ba ki da takardar koyarwa, don haka ba a taɓa barin ki tsaya gaban aji ba. Shugaban sashen kwamfuta ne ke rubutu a allo. In na'ura ta ƙi tashi, sai ya leƙa ƙofa ya ce, "Ina matar nan take?" Ki zo ki gyara, ki koma kujerarki ta bayan ɗaki, ya ci gaba da darasi kamar shi ya yi.

Ina aji uku na fara ɓuya a ɗakinki lokacin tara, saboda ba ni da wadda zan zauna da ita, kuma cin abinci ni kaɗai a aji yana sa a kalle ni. Kwana uku ina tsaye a bayan ƙofa ba ki ce mini komai ba. A na huɗu kika ɗago kai daga ƙarƙashin tebur kika ce, "Ke mai gadin ƙofa, in dai kullum za ki zo, zo ki riƙe mini wayar nan." Na riƙe. Kika dube ni kika ce, "Kina da baki kuwa?" Na gyaɗa kai. Kika ce, "To madalla. Ki adana shi da kyau, wata rana za mu buƙace shi."

Daga riƙe waya kika kai ni ga rubuta manhaja. Ba ki taɓa tambayata dalilin da ya sa ba ni da ƙawaye ba. Kujera kawai kika jawo mini kusa da taki.

Ina aji biyar kika fara babban aikinki. A lokacin duk bayanan lafiyar ɗalibai suna cikin wani katon littafi a ɗakin jinya: mai asma, mai sikila, wadda jikinta ba ya karɓar wani magani. Wata rana wata yarinya ta faɗi a filin wasa, littafin yana can a kulle, aka ba ta maganin da bai kamata ba, ta kwana biyu a asibiti. Babu wanda ya sa ki. Ke kika je wurin nas kika ce za ki yi mata abin da za ta duba a wayarta duk inda take.

Matsalar ita ce na'urorin makarantarmu ba su da jituwa. Tsofaffin kwamfutocin ɗakinki tsarinsu daban, ta ofis da ta babban zaure tsarinsu daban, wayar nas kuma nata daban. Kika ce ba za mu rubuta abu ɗaya sau uku ba. Kika nuna mini abin da masu wannan sana'a ke kira laburare, ba na littattafai ba, tarin kayan aiki ne da wasu suka riga suka ƙera, wanda in ka rubuta manhajarka da shi sau ɗaya, sai ka fitar da ita ta yi aiki a kowace irin na'ura. Bayanan kuma suna zaune wuri ɗaya, a rumbun bayanai, cikin wata baƙar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburinki, wadda kika hana kowa ya kashe.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne haɗa manhajar da rumbun. Kika zana mini a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, kuma takardar tana wurina har yau. Akwati ɗaya manhaja, akwati ɗaya rumbu, a tsakani wani ɗan mutum mai manyan kunnuwa. Kika ce, "Wannan tana jin yarenta, wancan yana jin nasa. Wannan mai kunnuwan shi ne tafinta. Ɗan ƙaramin fayil ne, ana ce masa direba. Kowace na'ura da irin nata. In babu shi, manhaja za ta buɗe tsaf, ta yi miki murmushi, amma ko suna ɗaya ba za ta kawo ba."

Kin koya mini a ba haɗi adireshin rumbu, da sunan mai shiga, da kalmar sirri, sannan a ce ya buɗe. Kin koya mini kada in wuce sai na tambaya ko ya buɗu, in bai buɗu ba in karanta saƙon kuskuren tun daga farko har ƙarshe. Kina cewa, "Kwamfuta ba ta ɓoye laifinta, mutane ne ba sa karantawa." Kin koya mini in za a shigar da bayanin yarinya, ko dai ya shiga duka ko kada komai ya shiga, domin in wuta ta ɗauke a tsakiya aka ajiye suna ba a ajiye ciwo ba, gara a ce ba a rubuta ba. "Rabin bayani ya fi babu haɗari," in ji ki. Sannan doka ta ƙarshe, wadda kika fi maimaitawa har na haddace: a gwada manhaja a kan na'urar da za ta zauna, ba a kan wadda aka rubuta ta ba.

Kwana huɗu haɗina yana ƙin buɗewa. Kin ga kuskuren tun ranar farko, lamba ɗaya ce na juya a adireshin, amma kika ƙi faɗa mini. Kina gogar allon kwamfuta kina cewa, "Me saƙon ya ce?" Ranar da na gano da kaina, muka shigar da mara lafiya na gwaji a tsohuwar kwamfutar kusa da taga. Kika ce in rubuta sunansa Kujera, ciwonsa karayar ƙafa ɗaya. Na danna. Kika miƙo mini wayarki, sai ga Kujera da karayarsa sun bayyana a ciki. Na yi ihu ban sani ba. Kika dafe ƙirji kika ce, "Ikon Allah! Ashe da murya a ciki!"

Ban taɓa jin na iya wani abu a duniya ba sai ranar.

Akwai abin da kika yi wanda ya kamata iyayen yara su sani. A cikin rumbun kin ba kowa ƙofarsa. Nas tana ganin komai. Ofis yana ganin suna da lambar wayar iyaye kawai. Da mataimakin shugaba ya ji labarin aikin, ya zo ɗakinki, ina zaune a gefe bai ma lura da ni ba. Ya ce a buɗe masa, yana son jerin 'yan matan da ke yawan zuwa ɗakin jinya, domin ya san masu gudun aji ne. Kika miƙe tsaye don girmamawa, kika ce, "Ranka ya daɗe, ciwon yarinya tsakaninta ne da nas." Ya ce, "Ke wa ya ba ki wannan matsayin?" Kika ce, "Ba matsayi ba ne, ranka ya daɗe, amana ce." Ya kalli makullan wuyanki ya ɗan jima, sannan ya fita. Na tuna kallon nan daga baya.

Yanzu na zo wurin laifina.

A watan Mayun bara aka sa ranar da za ki nuna manhajar a babban zaure, gaban shugaba da iyayen yara da masu makarantar. Ana gobe taron, da rana, aka kira ki a waya cewa 'yarki ta yi zazzaɓi mai zafi. Kika ciro filashi kika ba ni. Kika ce, "Ga manhajar da na fitar don kwamfutar zaure. Ga wata 'yar folda a gefenta, direba na ciki. Ki kwafe su duka biyu, ki shiga, ki nemo Kujera. Sai kin gan shi da idonki za ki fito." Dokar makaranta ta hana ɗaliba taɓa kwamfutar zaure, hukuncinta dakatarwa. Kin sani, na sani, amma ba ki da wanda za ki aika, kuma kin yarda da ni.

Na je ana jera kujeru. Na kwafi manhajar. Kafin in koma kan foldar, sai na ji muryar mataimakin shugaba a bakin ƙofa yana cewa a yi sauri za a rufe zaure. Na bar foldar. Na danna manhajar, ta buɗe, ga tambarin makaranta, ga sunanki a ƙasa, komai tsaf. Ban shiga ba. Ban nemo Kujera ba. Na zare filashin na sa a aljihu na bi ta ƙofar baya. Na ce a raina ai ta buɗe. Minti biyu kacal nake buƙata, kuma da safe ma zan iya faɗa miki. Amma da kika tambaye ni washegari a bakin get, "Kin gwada?" sai na ce, "Na gwada, Anti." Na faɗa ina kallon takalmina, ke kuma kin saba ganina ina kallon takalmina, don haka ba ki zargi komai ba.

Zauren ya cika. Kin sa sabon mayafi. Karo na farko ke nan da aka ba ki makirufo a makarantar da kika yi wa aiki shekara tara. Kin yi bayani mai kyau, har na ga wasu iyaye mata suna gyaɗa kai. Kika shigar da kalmar sirri, kika danna. A katon allon da kowa ke kallo, jadawalin ya fito fari fat, babu ko layi ɗaya. A ƙasa ga ɗan saƙo da jan rubutu. Kika karanta shi da ƙarfi, kamar yadda kika koya mini, cewa ba a samu direba ba. Wani daga cikin manyan baƙi ya ce, "To a kira na motar makaranta mana!" Zaure ya fashe da dariya.

Ina layi na uku. Filashin yana aljihuna na dama, hannuna a kansa. Kin dube ni sau ɗaya, kallon bai kai daƙiƙa biyu ba, kika kawar da kai. Da na miƙe na taka matakala huɗu, da an gama. Ban miƙe ba. Kika roƙi a ba ki minti biyar ki je ɗakinki ki ɗauko wani kwafi. Mataimakin shugaba ya karɓi makirufo ya ce lokacin baƙi ba na wasa ba ne. Sannan ya tambaya a gaban kowa, "Wa ya sa wannan abin a kwamfutar nan?"

Kika ce, "Ni ce, ranka ya daɗe. Ban gwada ba."

Ke da ba ki taɓa barin komai ba tare da gwaji ba.

Kafin sati ya zagayo an karɓi makullan. Aka ce an ba ki dama kin kunyata makaranta, kuma dama aikin ya fi ƙarfinki. Aka mayar da ke ɗakin buga takardu da ke ƙarƙashin bene, wanda ba shi da taga, inda warin tawada ke shaƙe mutum. Yara suka ci gaba da kiran ki Anti Makulli saboda sabo, kina amsawa, wuyanki babu komai. A nan na fara jin tarinki. Ban ce ɗakin ne ya kashe ki ba. Ajali na Allah ne, kuma likita ne ya san sunan ciwon. Abin da na sani shi ne mai ciwon ƙirji ta yi wata shida a ɗaki mara taga, kuma duk wanda ya ajiye ta a can yana wucewa ta bakin ƙofar kullum yana jin tarin.

Ni ma ina wucewa. Nakan rage tafiya, in ji ƙarar injin, in ƙara sauri. Sau biyu kika kira ni, kika tambaye ni karatu, kika ba ni ragowar farar takarda in yi lissafi. Ba ki taɓa ɗago maganar ba.

Da aka dawo sabon zango, nas ta matsa a kan manhajar. Shugaban sashe ya kira ni ɗakin da ya zama nasa. Ya ce, "Ke ce 'yar gidanta ko? Duba mana wannan shirmen, ko a goge shi." Ya kai ni zaure da kansa, dokar hana ɗalibai ta tafi hutu ranar. Na ciro filashin nan, wanda ke cikin jakata tun watan Mayu, na kwafi foldar. Minti biyu. Kujera ya fito da karyayyar ƙafarsa. Malam ya ce, "Dama abin da na yi zargi ke nan." Sannan ya nuna layin ƙasa na fuskar manhajar, inda sunanki yake, ya ce a gyara, aikin sashe ne ba na mutum ɗaya ba. Ya faɗa mini abin da zan rubuta, da sunansa a ciki a matsayin jagora. Da yatsuna na goge sunanki, Anti. Bai iya ba, ni na yi masa.

Sati na gaba aka yaba masa a taron safe, aka tafa. Kina tsaye a can baya da damin takardu a hannu. Na ga kin matse su a hammata kin tafa tare da kowa.

A watan Nuwamba wata 'yar aji ɗaya ta shiɗe a filin wasa. Nas ta ciro waya, ta rubuta sunanta, nan take ta ga maganin da ba a ba ta, da lambar mahaifiyarta. Yarinyar tana nan lafiya, jiya ma na gan ta tana tsalle da igiya. Iyayenta sun aiko da takardar godiya, an liƙa ta a allon sanarwa. Ba sunanki ne a kai ba.

A watan Janairu na samu ƙarfin hali na je gidanku, bayan kin daina zuwa aiki. Mahaifiyarki ta shigar da ni. Kina kwance, kin rame har na so in juya. 'Yarki tana zaune a ƙasa tana jan wata 'yar mota da shuɗiyar igiyar nan. Ashe makullan kawai kika ba su.

Na durƙusa na ce, "Anti, ranar nan a zaure..."

Kika ce, "Aljihun dama. Tun daga kan dandamali nake ganin hannunki a kai."

Na ce, "Me ya sa ba ki kira ni ba?"

Kika ce, "In kira ki gaban mutum ɗari uku ki sume mini, mu bar neman direba mu koma neman nas?" Kika yi dariya har tari ya ƙwace ki. Da ya lafa kika ce, "Shiru, mantuwar ba ta dame ni ba, kowa na mantuwa. 'Na gwada' ɗin nan ce ta yi mini ciwo. Kada ki ƙara faɗin ta sai kin gwada." Na yi kuka, kika bar ni na gama. Na ba ki labarin 'yar aji ɗaya, ina tsammanin za ki yi fushi da takardar godiyar. Abin da kika tambaya kawai shi ne, "Wayar ta haɗu da rumbun da sauri daga filin? Can sabis ɗin ba shi da ƙarfi." Na ce ta haɗu. Kika lumshe ido kika ce, "To alhamdulillahi." Da zan tafi kika ce kin yafe mini, kika kuma ce in rufe bakina sai na gama jarrabawar ƙarshe, kada su taɓa mini takarda.

Na yi niyyar bin maganarki. Abin da ya sauya ni shi ne ranar da na je gaisuwa. Mahaifiyarki ta gane ni, ta zaunar da ni kusa da ita, tana ba matan da ke wurin labarinki. Ta ce, "Yarinyar kirki ce, sai dai rawar kai. Ta ɗauko abin da ya fi ƙarfinta, ta ji kunya a gaban jama'a. Ita da bakinta ta ce mini kuskurenta ne. Na ce mata ki tsaya inda aka ajiye ki." Ta faɗa tana share hawaye, ba da mugunta ba. Ashe ko a gida ba ki tona ni ba. Ashe matar da ta haife ki ma tana ɗauka ba ki iya aikinki ba, kuma haka za a gaya wa 'yarki in ta girma.

Wannan ne ba zan iya jira da shi har wata biyu ba. Ki yi haƙuri, Anti, na saɓa miki.

Kin ce bayani ko ya shiga duka ko kada ya shiga. To ga shi duka. Mama, mahaifiyar Anti, 'yarki ba ta yi kuskure ba. Manhajar da ta rubuta ba ta da aibi ko ɗaya a ranar. Ni ce na bar fayil ɗaya a aljihuna, ni ce na yi mata ƙarya, ni ce na zauna ina kallo ana yi mata dariya. Gyaran da aka yaba wa wani a kansa ba gyara ba ne, kwafar abin da ta riga ta tanada ne, kuma ni na kwafa. Kowane layi na manhajar da nas ke amfani da ita yau, ita ta rubuta shi, ko ta tsaya a kaina na rubuta. Ƙofar da ta rufe don kare sirrin 'yan mata tana nan a rufe, domin nas kaɗai Anti ta ba kalmar sirrin, nas kuma ta ƙi bayarwa duk da an nema sau biyu.

Na kai kwafin wannan rubutu ofishin shugaba, na ba masu mujallar makaranta, na kai ɗaya gidanku. Ban san ko za a buga ba. Na san na taɓa kwamfutar zaure ba da izini ba, na san hukuncin, kuma na san saura wata biyu jarrabawa. Na gaya wa Ummata komai kafin in rubuta. Da na gama ta ce, "Ki kai." Ba na neman a kori kowa. Abu ɗaya nake roƙo: a mayar da sunanta inda yake, kuma a faɗa a taron safe, da makirufon nan, ba bayan cigiyar rigar sanyi ba.

In ma an ƙi, akwai abin da ban gaya miki ba ranar da na zo. Kin tuna kin ce kowane haɗi ana iya ba shi suna, don manhaja ta san wanda za ta kira in tana son magana da rumbu? Ke kin sa masa "babba" kawai. Ranar da aka sa ni goge sunanki daga fuska, Malam ya fita amsa waya. Kafin ya dawo na sauya sunan haɗin, a duk wurare goma sha ɗaya da ya fito, na sa cikakken sunanki. Kuma na gwada, a zaure, da ofis, da wayar nas. Wannan karon na gwada. Tun daga ranar, duk lokacin da nas ta nemi bayanin wata yarinya, sai manhajar ta kira sunanki a ciki kafin rumbun ya amsa. Babu mai gani. Iyakar jarumtata ke nan a lokacin, kuma na san ba ta isa ba.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa. Ka gafarta mata, Ka yalwata makwancinta, Ka haskaka shi fiye da yadda aka ƙuntata mata a nan. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka sa kowace yarinya da aikinta ya tsare, da wadda zai tsare nan gaba, ta zama lada mai gudana a gare ta. Yadda ta rufa mini asiri a gaban mutane, Ka rufa mata nata ranar da babu mai rufawa sai Kai. Waɗanda suka zalunce ta, har da ni, Ka ba mu ikon tuba tun muna da rai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda nake roƙon ta yafe mini in za ta iya, in ba za ta iya ba ma ban ga laifinta ba. Ina miƙa ta ga maigidanta, da 'yan'uwanta, da nas ɗinmu wadda ita kaɗai ce daga makaranta ta riƙa zuwa dubiya. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ke kuma 'yar Anti, ƙanwata mai jan mota da shuɗiyar igiya, Allah Ya raya ki, Ya albarkace ki. In kin iya karatu, a ba ki wannan takarda, ki san mahaifiyarki gwana ce.

Anti, kin ce in adana bakina, wata rana za mu buƙace shi. Ranar ta zo a watan Mayu, ban fito da shi ba. Ga shi yau, bayan ba za ki ji ba. Allah Ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.